Kansar Mama: Abin Da Za Ki Tambaya Kafin Ki Sa Hannu A Takardar Tiyata

Yau da ke nake, 'yar uwa, ke da likita ya ce kullutun da ke nononki kansa ce, amma an gano ta da wuri. Ki gode wa Allah, domin a wannan mataki mafi yawan mata suna warkewa idan sun kammala magani. Sai dai maganin ba iri ɗaya ba ne, kuma da shawararki ake zaɓa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi miki bayanin ciwonki, hanyoyin magani, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da kike ji. Ko Alago kike ji ko Hausa, ki nemi a fassara miki. Matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta farko: an ɗebi tsoka an gwada? Hoto kaɗai ba ya tabbatar da kansa. Idan daga Keana aka tura ki Lafia ko Keffi, kada ki yarda a cire nono kafin sakamakon ya fito, kuma ki karɓi kwafinsa ki adana.

Ta biyu: wace irin kansa ce? Akwai gwajin ER, PR da HER2. Idan ER ya nuna, kansar tana girma ne da sinadarin mata na estirojin, kuma ƙwayar tamoxifen za ta yi aiki, ana shan ta kullum shekara 5 zuwa 10. Idan ER da PR duk ba su nuna ba, shan ta asarar kuɗi ce. Mai HER2 kuma allurar trastuzumab ake haɗa mata da kemo. Saboda haka kada ki sayi tamoxifen a kyamis don kin ga wata tana sha. Idan an rubuta miki, ki duba lambar NAFDAC, ki guji ɗaukar ciki, kuma ki koma asibiti da zarar kin ga zubar jini ba na al'ada ba ko kumburin ƙafa ɗaya.

Ta uku: dole ne a cire nonon duka? Bincike biyu da suka bi mata tsawon shekara 20 a Italiya da Amurka, aka wallafa a 2002, sun nuna cewa a matakin farko, cire kullutu kawai tare da gashi da na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire nono gaba ɗaya. Amma fa sai da gashin. Galibi ana yin sa kwana 5 a mako har makonni 3 zuwa 5, a manyan asibitoci irin Asibitin Ƙasa na Abuja ko na Shika a Zariya. Ki zauna da maigida ku lissafa kuɗin mota, masauki da mai kula da yara. Idan zaman ba zai yiwu ba, ki faɗa wa likita gaskiya, domin wataƙila cire nonon ya fi miki aminci. Girman kullutu da kaluluwar hammata su ma suna iya sauya shawara.

Ta huɗu: akwai tallafi? Gwamnatin Tarayya tana da asusun tallafa wa masu kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma waɗancan asibitoci biyu suna cikinsa. Ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya.

Ki riƙa zuwa da wadda za ta rubuta miki amsoshi. Jin ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne, amma kada ya cinye watanni, kuma kada a tsaya shafe-shafen magani a gida har ciwo ya bazu. Maza, ku raka matanku, ku bar su su yi magana da bakinsu a gaban likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.