Kada Mu Ɗora Wa Hazo Laifin Hayaƙinmu

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane, har da waɗanda suka yi karatu, wai iska ɗaya ce ko'ina, abin da mutumin Kano ya shaƙa shi na Ikko ke shaƙa. In kuwa ta ɓaci, wai hazo ne, hazo kuma ba mai iko da shi sai Allah. Rabin maganan nan gaskiya ne, rabi kuwa lalaci ne aka sa wa babbar riga.

Bari mu ba hazo hakkinsa tukuna. A ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, akwai wani kwari, ana ce da shi Bodele. Can da, makeken tafki ne, ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar busasshen taɓo fari fat, mai laushi kamar gari. Duwatsun Tibesti na gefe guda, na Ennedi na ɗaya gefen. Iskar hunturu in ta biyo tsakaninsu sai ta matsu ta yi ƙarfi, kamar ruwa a indararo, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Shi ne ke lulluɓe Barno da Kano da Sakkwato da rani, har wani lokaci jirgin sama ya kasa sauka. Kafin ya kai bakin teku ya rage kauri ƙwarai. To, wannan rabon Arewa ne, ba wanda ya jawo shi, ba kuwa Sarki ko Gwamnan da zai tsai da shi.

Amma kai mai karatu, fita bayan asuba cikin ɗari a wani babban gari, ka shinshina. Ƙura tana da warin roba ne? Abin da ke yi maka yaji a ido hayaƙin bola ne da aka cinna wa wuta da dare, da na tayar da a ke babbake kai da ƙafa da ita, da na janareta, da na tsofaffin motoci. Ga kuwa dalilin da ya sa ya fi tsanani a lokacin nan. Da dare ƙasa ta kan huce, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna bisanta kamar faifai a bakin tukunya. Hayaƙi ya rasa hanyar tashi, sai ya kwanta cikin unguwa har rana ta take. Da damina ruwa kan wanke iskar, shi ya sa mu kan manta.

Wanda bai daina gardama ba, ya dubi Fatakwal. Ruwan da ke sauka can ya ninka na Kano fiye da sau biyu, hamada kuwa tana nesa da su. Da yanayi kaɗai ke yanke hukunci, ai da sun fi kowa shan iska mai daɗi. Amma daga ƙarshen 2016 sai mutanen garin suka riƙa wayar gari su iske kunkunniya baƙa ƙirin bisa shanya, da kan motoci, har cikin hancin 'ya'yansu. Daga ina? Daga masu dafa ɗanyen man sata a daji, da ƙone shi da a kan yi in an kama, da iskar gas da a ke banka wa wuta a wuraren haƙar mai. Ita wutar gas ɗin nan, tun 1979 aka yi doka a daina ta kafin 1984. Doka ta tsufa, wuta ba ta mutu ba. Ikko ma, duk da iskar tekun da ke kaɗa ta, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum wajen 11,200 a cikinta, fiye da rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Haba jama'a, wane hazo ne ya yi wannan?

Bambancin ma bai tsaya tsakanin Arewa da Kudu ba, har cikin gida ɗaya yana nan. Maigida na zaure yana shan iska, uwargida na madafi tana hura ɗanyen itace, da goyo a bayanta. In yaron ya kwana yana tari, sai a ce sanyi ne ya kama shi.

Turawan Ingila sun taɓa faɗawa cikin irin wannan. A Disamba 1952 sanyi ya danne hayaƙin kwal bisa Landan kwana 5, ƙidayar farko ta ce mutum wajen 4,000 suka mutu, daga baya masana suka ce sun kusa 12,000. Su ma da can hazo su ke ce da shi. Da gawa ta yi yawa sai suka bar wannan zance, a 1956 Majalisarsu ta yi dokar hana hayaƙi a garuruwa, iskar Landan kuwa ta gyaru a hankali.

Mu namu bai ko kai wahalar nasu ba a wajen bola. Kwashe shara aikin hukumar gari ne, kuma ana karɓar kuɗi a kasuwa da tasha kullum. Ya kamata wanda ya biya ya tambayi wakilin mazaɓarsa ranar da motar shara za ta zo unguwarsu. Mai unguwa kuwa ya san wanda ke cinna wa bola wuta da dare, ya san kuma ƙofar gidansa.