Fitilun Ɗakin Biki: Tsani Ya Huta, A Fara Saiti A Kwamfuta

Duk mai bibiyar bidiyon bukukuwan Kano a TikTok ya san wannan hoton: amarya da ango a kujerar alfarma, labulen bayansu na ta walƙiya da shuɗi da ja, fuskokinsu kuwa duhu. Can sai wata fitila mai juyawa ta dallare wa uwar amarya ido. Wayar da ta ɗauka ake ɗora wa laifi, alhali fitilun ne ba a saita ba.

Manomin rani a Kura ko Bunkure zai fi kowa saurin gane matsalar. Ruwan Tiga yana isowa, amma idan ba a buɗe masa hanya daidai ba, fangali ɗaya zai tumbatsa, na kusa da shi ya bushe. Mai hayar fitilu a Panshekara ko Na'ibawa da ke ƙaro sababbi duk kakar biki, yana kuma saita su da ido a kan tsani ana saura awa ɗaya baƙi su iso, ruwa yake ƙarawa a gonar da ba a gyara ba.

Manhajoji irin su Capture da grandMA3 onPC suna ba mutum damar zana ɗakin, ya rataya kowace fitila a inda za ta zauna, ya nuna mata wurin da za ta haska, ya ga inda inuwa za ta faɗi tun yana gida. Lissafin ba wuya. Fitila mai buɗewar digiri 25, daga nisan mita 6, da'irar haskenta ba ta kai mita 3 ba. Ango da amarya za su shiga, ƙawaye kuwa su tsaya a duhu. Tun 1932 Stanley McCandless na Jami'ar Yale a Amurka ya ba da shawarar a haska fuska da fitila biyu, hagu da dama, kowace ta sauko a kusan digiri 45. Ɗakin da rufinsa ya yi ƙasa ba zai ba da wannan ba, kuma gara a gano haka a allo.

Ga wani abin da ake yawan tsallakewa. Tsarin DMX da ke ba fitilu umarni yana da tasha 512 a layi ɗaya, kowace daga 0 zuwa 255. Fitilar da ke juyawa digiri 540, idan tasha ɗaya kawai aka ba juyinta, kowane taki ya haura digiri 2. A nisan mita 10, wannan kusan santimita 37 ne, wato daga fuskar amarya zuwa kafaɗar ango. Sai an kunna tasha ta biyu, ta ƙaramin motsi, saitin ke zama daidai.

Manhaja dai ba ta san ɗakin ba sai abin da aka gaya mata. Wanda bai auna tsayin rufi da tef ba, ko ya rataya fitila a juye, zanensa ado ne kawai.

Sai batun wuta. Babbar tashar rarraba lantarki ta Kano a Kumbotso take, amma hakan bai hana a ɗauke wuta ana tsakiyar liƙi ba. Da janareta ya karɓa, fitilu masu juyawa sukan koma farko. Wanda ya adana saitinsa a QLC+, wadda kyauta ce kuma ana iya sarrafa ta daga waya ta Wi-Fi, taɓawa ɗaya ta ishe shi.