Kifi ba ya jiran ciniki

Nijar ba ta da teku, amma tana da kifi. Kogin Kwara ya ratsa yammacin ƙasa, tsawon kilomita 550. A gabas akwai tafkin Cadi da Komadugu. A tsakiya kuma ga tafkuna: Madarumfa kusa da Maraɗi, Tabalak a jihar Tawa, Gidimuni a jihar Damagaram. Masunta suna kama karfasa da tarwaɗa a cikinsu, mata suna soyawa suna saidawa.

Duk da haka, da wuya masunci ya yi arziki. Mi ya sa? Domin kifi ba gero ba ne. Manomi yana iya zuba geronsa cikin rumbu, ya jira har ya yi kuɗi. Kifin da aka kama da asuba kuwa, in bazara ce, kafin la'asar ya soma wari. Mai saye ya san haka. Sai ya taya da araha, masunci ya sallama, don ba shi da wurin ajiya.

Waɗansu suna cewa maganin abin shi ne a ƙaro taru da jirage. Wannan shawara ba ta yi ba. Ruwa yana da iyaka: rairayi yana cike tafki, fari yana rage shi. A shekarar 1985 kogin Kwara kansa ya daina gudu a Yamai. In taru ya yi yawa, kifi zai ƙare. Masu su da gidan sauro sun fi kowa ɓarna, gama har ƴaƴan kifi suke kwashewa. Ba su da bambanci da manomin da ya cinye irinsa.

Abin da ya fi shi ne a tsare kifin da aka riga aka kama.

Na ɗaya, ƙanƙara. In an jera kifi cikin akwati da ƙanƙara, zai isa kasuwar Maraɗi ko ta Tawa bai lalace ba.

Na biyu, banda mai kyau. A 1969, a Corkor kusa da Akara, babban birnin Gana, an gina wani murhun laka wanda ake jera ragogin waya bisansa, wata kan wata. Wuta guda tana banda kifi mai yawa, itace kuma ba ya tafiya da yawa. Kifin banda yana jiran ranar kasuwa.

Na uku, ƙungiya. Masunci guda ba ya iya sayen ƙanƙara kullum, balle ya ɗauki hayar mota. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In masunta da mata masu banda sun haɗa kai, za su sayi ma'auni, su yanke kuɗin kilo tare, su kuma tsai da watannin da za a bar kifi ya hayayyafa.

Ƙungiya tana bukatar mai riƙe littafin lissafi. Nan ne ɗan lakwal zai yi wa iyayensa amfani, tun da ya iya rubutu da lissafi cikin harshensu.