Kada Mu Ba Tarin Fuka Lokaci

Jama'ar Agye da Cadawa, jama'ar Gazawa da Gangara, jama'ar Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori da Gidan Sori da Sae Sabuwa! Iyaye mata da masu gida, limamai da masu gari, ku ba ni aron hankalinku.

A shekarar 2023, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 10 da dubu 800 suka kwanta da tarin fuka, kimanin miliyan 1 da dubu 250 suka riga mu gidan gaskiya. Alhali tun ran 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar a birnin Balin na Jamus. Rigakafinta na nan, maganinta na nan, kuma a Nijar kyauta ake bayarwa. To me ya hana ta mutuwa? Jinkiri. Da shi take cin jikin mutum, da shi take cin gari.

Ku ji yadda yaƙin yake a cikin ƙirji. Mai ciwo ya yi tari a ɗakin da ba taga, ƙwayoyin su yi ta yawo a iska, na kusa ya shaƙa. A can ƙuryar huhu Allah Ya ajiye wasu sojojin jiki masu haɗiye duk baƙon da ya shigo su narkar da shi, likitoci na kiransu makrofaj. Ƙwayar fuka kuwa tana da riga mai kauri kamar kakin zuma, kuma takan toshe hanyar da ruwan narkarwar zai iske ta. Sai ta zauna daram cikin wanda ya haɗiye ta, tana hayayyafa a hankali, sau ɗaya cikin awa 15 zuwa 20.

Wasu sojojin, masu kai rahoto, su ɗauki ɓurɓushinta zuwa ƙulle-ƙullen nan da in sun kumbura muke cewa kaluluwa. Can ake horar da wasu sojojin da ake kira ƙwayoyin T, musamman masu alamar CD4, su gane fuskar abokin gaba. In sun iso huhu sai su saki wani sinadari, intaferon gama, wanda ke zaburar da masu haɗiya su kashe abin da ke cikinsu. Amma wannan horo yana cin makonni. Duk tsawon makonnin nan ƙwayar tana cin karenta ba babbaka.

Babba yakan jure har taimako ya zo. Jariri fa? Sojojinsa ba su ƙosa ba. Kusan rabin jariran da ƙwayar ta shiga jikinsu kafin su cika shekara, in ba su da kariya, ciwon yakan tashi. A wasunsu takan bi jini ta watsu ko'ina, ko ta hau kai ta zama sanƙarau na fuka, wanda in bai kashe yaro ba yakan bar shi da makanta ko kurumta ko shanyewar jiki.

Wannan giɓin ne allurar BCG take toshewa. Albert Calmette da Camille Guérin, a cibiyar Pasteur ta birnin Lille a Faransa, sun ɗauki ƙwayar fukar shanu a 1908, suka yi shekara 13 suna sake shuka ta har sau 230, sai da ƙarfinta ya karye. A 1921 aka fara ba wani jariri a Paris. In aka sa ta a fatar hannun jariri, ƙwayoyin T suna yin horonsu tun babu yaƙi, su riƙe kamannin abokin gaba. Ran da ta gaske ta zo, ba sai an jira makonni ba. Tana rage haɗarin waɗancan munanan nau'o'i biyu da kashi 70 zuwa 80 cikin 100.

Don haka ga kirana na farko. Kafin a yanka ragon suna, a yi wa jariri lamba! Kada a jira mai jego ta yi arba'in. In a gida aka haihu, uban yaro ko kakarsa su tambayi majo ranar da ake yin BCG a likita mafi kusa, domin kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, kuma in an haɗa ta, bayan awa 6 zubarwa ake yi. Bayan 'yan makonni ƙurji zai fito a wurin, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Kada a matse shi, kada a shafa toka ko man shanu. Aikin sojojin yaronku ne kuke gani da idonku.

Ga manya kuma. Idan ƙwayoyin T suka iso, sukan taru da masu haɗiya su kewaye ƙwayar, su yi mata katanga. Tana ciki da ranta, mutum kuwa lafiyarsa lau, ba ya tari, ba ya shafa wa kowa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon ke tasar wa. Sai dai katangar nan irin ta ƙasa ce, tana son yaɓe kullum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa fita yake yi.

Me ke tsaga ta? Na farko yunwa. Mai fama da ƙarancin abinci haɗarinsa ya ninka kusan sau 3, kuma mun san halin da gidajenmu ke shiga daga bazara zuwa kaka, mun san yunwar da jihar Maraɗi ta gani a 2005. Na biyu sida, domin ƙwayoyin CD4 ɗin nan su take kashewa, har haɗarin ya ninka kusan sau 16. Sai ciwon suga, sai taba. Sai ƙurar dutse ta ramukan zinariya, wadda ke halaka masu haɗiya a huhu: samarinmu da suka je Jado ko Ɗan Isa su ji da kyau. 'Yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa Gidan Rumji tun 2019, ga cunkoso ga wahalar abinci, su ma amana ce a wuyanmu.

Kirana na biyu: mai gida, kada ka sayar da waken gidanka da gyaɗarka da ayarka kaf a kasuwa ka bar iyali da tsurar fura. Wake, ƙuli-ƙuli, zogale, ƙwai da tafasasshiyar madara, su ne yaɓen. A buɗe tagogi a makarantun allo da ɗakunan kwana, iska ta ratsa, rana ta shiga, don hasken rana yana kashe ƙwayar.

In katanga ta rushe, tsakiyarta ta ruɓe ta zube cikin hanyar numfashi, huhu ya yi kogo. Lokacin ne tari ke ƙin ƙarewa, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, ga rama, wani lokaci har da jini. BCG ta ƙuruciya ba ta cika tare wannan a jikin babba ba, don haka kada mai tabo ya ce ya tsira. Ana gwajin wata sabuwar allura ta manya, M72, wadda a sakamakon 2019 ta rage tashin ciwon da kusan rabi a cikin waɗanda aka yi wa a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu, amma ba ta iso hannu ba tukuna. Abin da ke hannunmu yau shi ne gaggawa.

Kirana na uku ke nan. Tari ya kai mako 2, a kai majina gwaji! Ba sammu ba ne, ba gadon gida ba ne, cire beli ba ya warkar da shi, ƙwayoyin 'yan tebur ma ɓata lokaci ne. Magani wata 6 ne: wata 2 ana shan haɗin magunguna huɗu, wata 4 ana shan biyu. Fitsari zai yi ja, kada a tsorata. Bayan 'yan makonni ƙarfi zai dawo, a nan ne da yawa ke ajiye magani su koma gona ko su tafi cin rani. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, su ke zama fukar da ba ta jin magani. Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka gwada gajeren magani na wannan nau'i, tun 2008, tare da ƙungiyar Action Damien, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2016. Abin alfahari ne, amma ya fi kyau kada ɗanka ya buƙace shi.

Malam liman, ranar suna ka tambaya ko an yi lamba kafin ka shafa fatiha. Ungozoma, ki raka jaririn da kika yanke wa cibi har likita. Mai gari, kada a ƙyamaci mai tari a garinka, kunya ce ke sa mutane ɓuya. Uwar gida, ki tsaya a kan maigidanki ya haɗiyi maganinsa kowace safiya, ki kai duk yaron gidan da bai kai shekara 5 ba a duba shi a ba shi maganin kariya. Samari, wanda ya dawo daga tafiya yana tari, ku ɗauke shi a babur yau, ba gobe ba. Neman magani ba ya rage tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon tashi tun da wuri.