Bashin Da Ke Wuyan Shugaban Da Aka Yi Gardamar Zaɓensa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wa wani malamin makaranta tambayar da ya aiko mini. Ya ce, in an yi zaɓe jama'a suka rabu, waɗansu na cewa an yi maguɗi, sa'an nan alƙalai suka tabbatar da wanda aka ce ya ci, shin magana ta ƙare ke nan?

To Malam, ni akawu ne, aikina lissafi, sabo da haka da harshen lissafi zan amsa maka. Hukuncin alƙalai ya kan ba mutum kujera, kuma wajibi ne a bi shi, in ba haka ba ƙasa ta rikice. Amma wanda ya hau ta wannan hanya da bashi ya hau, watau bashin yardar waɗanda ba su gamsu ba. Abin dubawa shi ne da dukiyar wa zai biya. Bari in kawo misali biyu, ɗaya na nesa, ɗaya na gida.

A Amurka, cikin 1876, an yi takara tsakanin Samuel Tilden da Rutherford Hayes. A can kowace jiha wakilai ta ke fitarwa, su ne kuwa ke zaɓen shugaba, kuma a lokacin sai mutum ya sami 185 ya ci. Tilden ya fi yawan ƙuri'un jama'a, ya kuma sami wakilai 184, Hayes 165, saura 20 aka shiga jayayya a kansu, daga Fulorida da Luwiziyana da Karolina ta Kudu, da guda ɗaya daga Oregon. Da abin ya gagara sai majalisa ta naɗa mutum 15, biyar daga majalisar dattawa, biyar daga ta wakilai, biyar daga alƙalan babbar kotu. Takwas suka goyi bayan Hayes, bakwai suka ƙi, aka ba shi duk ashirin ɗin, ya hau da rinjayen wakili ɗaya tak cikin Maris 1877.

Yanzu ga yadda aka biya bashin. Tun bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, sojan gwamnati na tsaron haƙƙin baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta a jihohin Kudu. Mutanen Hayes suka yi sulhu da manyan Kudu, su daina jayayya, shi kuwa ya janye soja daga gadin gwamnatocin Luwiziyana da Karolina ta Kudu. Cikin Afrilu 1877 aka janye su. Daga baya jihohin Kudu suka yi ta kafa dokokin harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu, har suka hana mafi yawan baƙar fata yin zaɓe, ba a warware wannan ƙulli sosai ba sai da dokar 1965. Ka ga manya sun shirya, kujera ta zauna, amma waɗanda suka biya ba su cikin ɗakin da aka yi cinikin. Duk da haka abokan gāban Hayes ba su daina kiransa mai sarautar zamba ba har ya sauka a 1881.

Na gida kuwa, zaɓen Afrilu 2007 ne a Nijeriya, wanda aka ce Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ci. Masu sa ido na gida da na waje sun kushe shi ƙwarai, Muhammadu Buhari da Atiku Abubakar suka kai ƙara. Ran 29 ga Mayu 2007, a wurin rantsuwa, gaban jama'a, 'Yar'aduwa ya yarda da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibu, ya yi alkawarin gyara. Cikin Agusta ya kafa kwamiti na mutum 22, tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais ne shugabansa. Cikin Disamba 2008 kwamitin ya miƙa rahotonsa, a watan nan kuma Kotun Ƙoli ta kori ƙarar Buhari, alƙalai huɗu suka rinjayi uku.

Waɗansu sun ce amsa laifi rage girma ne ga shugaba. Ni ban ga haka ba, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shi daga aljihunsa ya fara biya, da girmansa. Amma kada in ɓoye gaskiya, bai biya duka ba. Kwamitin ya ba da shawara a raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta riƙa tantance shi, gwamnati kuwa ba ta karɓi wannan ba. Ya rasu ran 5 ga Mayu 2010. A shekarar nan aka yi sabuwar dokar zaɓe, aka kuma ba Farfesa Attahiru Jega, wanda ya zauna cikin kwamitin Uwais, shugabancin hukumar.

Sabo da haka Malam, in almajiranka suka tambaye ka, ka ce musu su bi hukuncin kotu, kada kowa ya ɗauki sanda. Sa'an nan su zuba wa wanda ya hau ido, su ga ko waɗanda ba su zaɓe shi ba suna samun haƙƙinsu daidai da waɗanda suka zaɓe shi, su ga kuma ko ya toshe kafar da aka bi aka ɓata zaɓen, ko kuwa ya ajiye ta don gaba. Wanda ya rufe bakin manya da muƙami ya bar talakawa da ciwonsu, lalle bashin na nan a littafi, ranar zaɓe na gaba za a zo karɓa.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kunyar jama'a, amin.

Naka,
Wani Akawu