Naira 50 a rumfar mai POS

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ciniki a Bodinga da Shagari ya koma kan waya. Mai albasa, mai shago, har mai shayin bakin titin Sakkwato zuwa Tambuwal, kowa ya iya cewa "tura mani". Matasa da yawa sun samu abin yi da na'urar POS a ƙarƙashin laima.

Daga Disambar 2024 aka fara cire harajin naira 50 a kan duk kuɗin da aka tura wanda ya kai naira 10,000 a asusun OPay da Moniepoint, kamar yadda ake yi a bankuna. A Abuja ba a jin hamsin. Mai POS kuwa ribarsa a hulɗa ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, dole ya ɗora wa abokin ciniki, shi kuma ya koma riƙe tsabar kuɗi a aljihu, inda hukuma ba ta ganin komai.

Ba mu ƙi haraji ba. Muna dai roƙon a ɗaga wannan iyaka ta naira 10,000, domin yau ko buhun gero ɗaya ya zarce ta.