Mu Tuna Baya: Ranar da Duhu Ya Zo da Rana Tsaka



A cikin wannan wata na Yuni muke tuna ranar 30 ga Yuni 1973. Ran nan aka yi husufin rana a Nijar. A arewa, wajen duwatsun Ayar, rana ta ɓace sarai. Nan Galma haske ya rage ƙwarai. Ku tambayi dattawa, suna tune, don shekarar fari ce. Amma ba husufi ya hana ruwa ba.

Mi ke kawo shi? Wata ne ke gittawa tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo mana. Kamar mutum ya tsaya gaban fitila.

Masana sun san ranar tun kafin ta zo. Sun shiga jirgin sama mai suna Concorde, suka bi inuwar ta bisa hamada. Minti 74 suna cikin duhu suna bincike, kana suka sauka a Cadi.

Ni kaina na ga husufin 29 ga Maris 2006 ina yaro. Kaji suka nufi akurki.

Wani na tafe ranar 2 ga Agusta 2027, cikin damina. Nan ƙasarmu sashen rana zai rufe. Kada kowa ya kalli rana da ido, ko da baƙin tabarau ne. Tana ƙona gani. Ku gargaɗi yara masu kiwo. Ku dubi ƙarƙashin itace, za ku ga hasken ya koma kamar jinjirin wata.

Wanda ya karanta ya gaya ma maƙwabcinsa.